Wa ke amsa wa mai kwamfuta idan ya maƙale?

Yau za mu leƙa wani sashe na Linux, babbar manhajar nan mai tafiyar da kwamfuta, wadda kowa ke da izinin ya duba cikinta, ya gyara, ya raba wa wasu. Sashen kuwa shi ne na taimako, wato bayanin da ke fitowa idan abu ya cije wa mutum ya danna maɓallin F1.

Aikin ya girmi Linux ɗin kansa. A shekarar 1971, a cibiyar bincike ta Bell Labs da ke Amurka, Ken Thompson da Dennis Ritchie suka rubuta littafin jagora na farko na Unix, tsohuwar manhajar da Linux ya kwaikwaya, bayan shugabansu Doug McIlroy ya matsa musu. Kowane umarni da shafinsa: ga sunansa, ga yadda ake rubuta shi, ga abin da yake yi, har da wurin faɗin kurakuran da aka san yana da su. Wannan gaskiyar tasu tana burge ni ƙwarai. Har gobe, in ka buɗe baƙin allon nan na umarni ka rubuta man ls, irin shafin ne zai fito maka. Sai dai injiniyoyi ne suka rubuta wa 'yan'uwansu. Dole ka san sunan umarni kafin ka nemi bayaninsa, shi kuwa wanda ya maƙale, sunan ne ma bai sani ba.

Su kuwa masu GNOME, wato fuskar da mai Linux irin na Ubuntu ko Fedora ke gani da zarar ya kunna kwamfuta, sun daɗe suna rubuta dogayen littattafai babi-babi, suna bin maɓallai ɗaya bayan ɗaya. To, wanda firinta ta ƙi fitar masa da takarda, ga mai aiki tsaye a kansa yana jira, ina ya ga lokacin karanta babi?

A nan ne wani daga cikin masu GNOME, Shaun McCance, ya fito da wani tsarin rubutu mai suna Mallard, kuma da aka saki GNOME 3 a watan Afrilun 2011, da shi aka sake rubuta taimakon. Shafi ɗaya, matsala ɗaya. Sauti ya ɗauke? Ga shafinsa, ga matakai kaɗan: duba ko an kashe murya, duba ko wayar lasifika ta shiga raminta, duba ko kwamfuta ta zaɓi na'urar da ta dace. Dabarar da ke ciki ita ce, kowane shafi shi ke faɗin ƙarƙashin wane kan magana yake, sai Yelp, manhajar da ke nuna shafukan taimako, ta jera su da kanta. Saboda haka ɗan sa-kai mai yamma ɗaya kacal zai iya rubuta shafinsa ya miƙa, ba sai ya taɓa aikin kowa ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin duk wata shida GNOME ke fitar da sabon zubi, maɓalli ya canza wuri, bayanin jiya ya zama ɓata.

Masu fassara ma sun sami sauƙi. Akwai wata 'yar manhaja, itstool, da ke yanka shafi sakin layi sakin layi. Wanda aka fassara ya fito da harshen mai karatu, wanda ba a kai gare shi ba ya zauna da Turancinsa. Ke nan mai son ganin taimakon nan da Hausa yana iya farawa da shafi guda.

Abin da na fi yaba musu shi ne, shafukan suna zaune cikin kwamfutar, ana girka su tare da manhajar. Wanda matsalarsa ita ce intanet ta ƙi haɗuwa, ko data ta ƙare masa, ba shi da hanyar tambayar kowa a waje. Zai buɗe Yelp ya tarar da shafin gyaran haɗin intanet, ya bi matakan ɗaya bayan ɗaya.