Baba ta Karo da Abin da Tsufa Bai Ci Ba

A ƙarshen shekarar 1949, a garin Giwa ta ƙasar Zazzau, wata Baturiya mai suna Mary Smith tana neman wadda za ta buɗe mata yadda matan Hausawa ke rayuwa a cikin gida. Mijinta, M. G. Smith, mutumin Jamaika, yana binciken sarauta da tattalin arzikin Zazzau, amma shi namiji ne, iyakarsa zaure. A nan Allah ya haɗa ta da wata tsohuwa da ake kira Baba, mutuniyar Karo, wani ƙauye kusa da Zarewa, a iyakar Kano da Zazzau. An haife ta wajen 1877, wato ta haura saba'in ke nan.

Wajen mako shida suka yi suna zama, tsakanin Nuwamban 1949 da Janairun 1950. Baba tana faɗa, Mary tana rubutawa da Hausa. Babu takarda a hannun tsohuwar, babu mai tuna mata. Ta fara daga kakanninta Barebari da suka taso daga Barno, ta bi dangi ɗaki-ɗaki, wa ya auri wa, wa ya riƙi ɗan wa. Ta ba da labarin rinjin gidansu da bayin da ke noma a ciki, da yadda ake kwasar yara a gudu zuwa cikin ganuwa idan an ji mahara. Ta faɗi yadda aka kama matar mahaifinta, da yadda aka yi ta tara wuri har aka fanso ta. Ta kawo zuwan Turawa, waɗanda suka shiga Zariya a 1902, Kano a 1903, da yadda bayi suka watse daga rinji bayan haka. Aurenta huɗu duk ta zayyana su, da rashin haihuwarta, da 'ya'yan da ta riƙa. Ga waƙoƙin biki da na dandali da ta koya tun tana budurwa, ta rero su, aka rubuta. Ta bayyana kunyar ɗan fari, da ƙawance, da bori, dalla-dalla kamar mai koyarwa.

Abin mamakin ba yawan labarin kaɗai ba ne. Mijin Mary yana ta nasa binciken daban a wurin maza, kuma da aka ɗora bayanin Baba a kan abin da ya tattara, sai aka ga suna tafiya tare. Baba ta rasu a 1951. A 1954 littafin ya fito a Landan da Turanci, da suna Baba of Karo, kuma har yau masu nazarin tarihin matan Afirka suna komawa gare shi.

Yaya aka yi 'yar saba'in da ɗoriya ta riƙe wannan duka? Binciken da aka yi bayan zamaninta ya ba da amsa. Tun 1956 K. Warner Schaie ya fara bibiyar mutane a birnin Seattle na Amurka, ana gwada su duk bayan shekara bakwai. Abin da ya fito fili shi ne, basira ba ta tsufa gaba ɗaya. Saurin tunani shi ke fara ja da baya, tun mutum bai san ya fara ba. Riƙe sabon abu na ɗan lokaci, kamar lambar waya, ko saƙo uku da aka ba ka a tare, shi ma yana raguwa. Amma sanin kalmomi da ilimin da aka tara suna nan daram. Wani bincike na Hartshorne da Germine a 2015 ma ya nuna sanin kalmomi yana ci gaba da ƙaruwa har mutum ya haura sittin.

Sannan akwai wani abu da masana suka lura da shi tun shekarun 1980: idan aka ce tsoho ya tuno rayuwarsa, mafi yawan abin da ke zuwa masa daga tsakanin shekara 10 zuwa 30 yake fitowa. Ga Baba, wannan ya faɗa tsakanin 1887 da 1907, daidai zamanin hari da fansa da zuwan Turawa. Ashe Mary ta tambaye ta a kan shekarun da suka fi zama mata a rai.

Inda tsufa ke taɓa harshe kuwa, a wurin kamo kalma ne, musamman sunan mutum. Duk wanda ya tashi gaban kaka ya san wannan: za ta kira jikoki uku kafin ta faɗo kan wanda take nufi, ko ta gaji ta ce "kai wane, zo nan." Deborah Burke da abokan aikinta sun nuna a 1991 cewa wannan maƙalewar ta fi yawa ga tsofaffi, kuma sunaye ne suka fi maƙalewa. Kalmar tana nan, mutumin ma ta san shi sarai, hanyar zuwa ga lafazin ce ta yi rauni. Shi ya sa bayan an bar zancen sai sunan ya faɗo mata.

Yadda ake ɗaukar irin wannan mantuwar ne ke damuna idan na dubi unguwa irin Rigasa a Kaduna. Gidajenta cike suke da tsofaffin da 'ya'yansu suka ɗauko daga ƙauyukan Zazzau da Katsina da Kano. Wanda aka haifa a 1945, ƙuruciyarsa ta kama samun 'yancin kai a 1960, da yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, da zamanin da masaƙun Kakuri ke ɗaukar dubban ma'aikata. Amma da ya manta inda ya ajiye carbi, ko ya maimaita labari, sai a ce "Baba ya fara ruɗewa," a daina shawara da shi, a bar shi da rediyo. A ganina wannan zalunci ne, ko da ba da nufi aka yi ba, domin zaman kaɗaici da rashin abokin hira suna cikin abubuwan da ke ƙara dusashe ƙwaƙwalwa.

Gigin tsufa na gaskiya yana nan, amma ciwo ne, kuma ba kowane tsoho yake kamawa ba. Binciken da likitoci suka yi a Zariya, wanda aka buga a 2011, ya same shi a kusan uku cikin ɗari na tsofaffin da aka duba. Alamominsa daban suke da mantuwar yau da kullum. Mutum ya ɓata a hanyar masallacin da ya shekara ashirin yana zuwa, ko ya ci abinci ya rantse ba a ba shi ba, ko lissafin kuɗin cefane ya gagare shi bayan da can gwani ne, ko halinsa ya juye ya shiga zargin 'ya'yansa da sata. Mai irin wannan asibiti za a kai shi, ko na ƙwaƙwalwa da ke Barnawa, ko na koyarwa da ke Shika. A kuma roƙi likita ya duba kunne da hawan jini da sukari da magungunan da yake sha, domin sau da yawa tsohon da aka yanke wa hukuncin ruɗewa, jinsa ne ya ragu, yana amsa abin da ba shi aka tambaye shi ba.