Makonni 12 na farko: Yadda ake gina mabiyiya tun kafin mace ta fara awo

A ƙauyukan da ke kewaye da madatsar ruwa ta Tagwai, wadda birnin Minna ke shan ruwanta, mai cikin fari takan ɓoye cikinta saboda kunya, ba ta zuwa awo sai ya fito fili. Hakan al'ada ce a sassa da dama na Arewa. Sai dai binciken masana ya nuna cewa kafin wannan lokaci an riga an gina mabiyiya, wadda lafiyar uwa da jariri ta rataya a kanta.

Da furotin ake wannan gini. Kowace ƙwayar halitta a jikin ɗan tayi na ɗauke da bayanan gado iri ɗaya. Abin da ke bambanta su shi ne irin furotin da kowace ke ƙerawa da lokacin da take ƙera shi. A kwanaki biyun farko, ɗan tayi na rayuwa ne da guzurin da ƙwan uwa ya zo da shi. A 1988 Peter Braude da abokan aikinsa a Jami'ar Kambirij sun nuna cewa sai ya kai ƙwaya 4 zuwa 8, wajen kwana na uku, sannan yake fara ƙera nasa.

Wajen kwana na biyar ake rabon aiki. Ƙwayoyin da ke ciki suna riƙe furotin OCT4 da NANOG, su ne za su zama jariri. Na waje suna tayar da GATA3 da CDX2, su ne za su zama mabiyiya. Idan ɗan tayi ya rabu biyu kafin wannan rabo, kowane ɗan tagwaye yakan samu mabiyiyarsa. Idan bayansa ne, sai su yi tarayya a guda, kuma cikin ya fi buƙatar sa ido.

Da ƙwayoyin waje suka manne a bangon mahaifa, wani furotin mai suna sinsitin yakan narkar da su su zama shimfiɗa guda mai fitar da hCG, wanda shi ne tsinken gwajin ciki ke ganowa a fitsari. Wasu kuma sukan kutsa cikin jijiyoyin jinin uwa su faɗaɗa su, har jini ya fara kwarara sosai tsakanin mako na 10 da na 12.

Idan jijiyoyin ba su faɗaɗa yadda ya kamata ba, mabiyiya takan shiga ƙunci ta riƙa zuba furotin sFlt-1 cikin jinin uwa, kamar yadda Ananth Karumanchi da tawagarsa suka gano a Boston a 2003. Sakamakon shi ne hawan jini bayan mako na 20, wanda kan kai ga jijjiga. Ke nan matar da aka garzaya da ita Babban Asibitin Minna tana jijjiga a wata na takwas, ciwonta ya faro ne watanni kafin ranar.

Haɗari na biyu sauro ke kawo shi, kuma mazauna bakin ruwa sun san shi. Ƙwayar maleriya tana ƙera furotin VAR2CSA, wanda ke sa jinin da ta kama ya liƙe a jikin mabiyiya. Uwa ta rasa jini, jariri ya zo da ƙarancin nauyi. Masu cikin fari ne suka fi shan wahala, domin jikinsu bai riga ya samu garkuwa daga wannan furotin ba. Su ne kuma kunya ta fi hana wa zuwa asibiti da wuri.

Rigakafin ba shi da tsada, amma kowanne da wa'adinsa. Folik asid yana amfani ne kafin bututun laka ya rufe, wajen kwana 28 da ɗaukar ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara bai wa mace mai haɗarin jijjiga ƙaramin asfirin kafin mako na 20, a fara maganin SP, wanda aka fi sani da Fansidar, daga mako na 13. A 2016 ta kuma ba da shawarar ganin ma'aikacin lafiya sau 8, na farko cikin makonni 12.

A nan aikin ma'aikatan tarayya ya shigo. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya domin kiwon lafiya a matakin farko. Duk jami'in da ke duba rahoton cibiyoyin da ke cin wannan asusu, bai kamata ya tsaya ga adadin matan da suka zo awo ba. Ya nemi sanin a mako na nawa suka fara zuwa, ko sun tarar da na'urar awon hawan jini mai aiki, da kuma ko akwai SP a ɗakin magani ranar da suka zo.