Gargaɗin Da Yaran Shago Suka Saba Tsallakewa

Tun zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ake cin Kasuwar Kurmi, kuma har yanzu fata da turare da tsakiya da kayan yaji ba su bar lungunanta ba. Abin da ya sauya shi ne yadda ake riƙe lissafi. Ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya tura har dattawan da suka rantse ba su ba tiransfa zuwa ga waya da na'urar POS. Wasu masu shago biyu ko uku kuma sun ajiye littafi, sun sa an haɗa musu kwamfuta mai ɗauke da lissafin kaya da bashi, wadda yaran shago ke shiga ta burauza, ga kyamarar tsaro da Alhaji ke leƙawa daga gida.

A nan ne wani jan gargaɗi ke yawan tare mutane. Chrome zai cike allo da Turanci, yana cewa haɗin ba na sirri ba ne, a ƙasa kuma ga wasu manyan baƙaƙe irin su NET::ERR_CERT_DATE_INVALID. Yaro ya kira wanda ya haɗa kayan, shi kuma ya ce masa, "Kai dai danna Advanced ka wuce, ba komai." Wannan shawara ita ce matsalar, domin hannun da ya saba wucewa a shafin shago zai wuce a shafin banki ba tare da ya tsaya karantawa ba.

A da, baƙon bafatake ba ya samun kaya bashi a Kurmi sai fatomansa ya tsaya masa. Haka burauza ke ɗaukar kowane shafi. Kafin ta miƙa masa kalmar sirrinka, sai ya nuna mata takardar shaida mai ɗauke da sunansa, da ranar da ta fara aiki da ranar ƙarewarta, da sa hannun wata hukumar da burauzar ta riga ta amince da ita. Idan ɗaya daga ciki ya saɓa, gargaɗi zai fito, kuma waɗancan baƙaƙen na ƙasa su ke faɗin inda aka saɓa.

Idan ka ga DATE a cikinsu, dubi agogon na'urarka kafin ka zargi kowa. Yawancin kwamfutocin shagunanmu na hannu ne, kuma a cikin kowacce akwai wani ɗan ƙaramin batiri da ke riƙe lokaci. Idan ya mutu, da an ɗauke wuta kwamfutar za ta farka tana zaton shekarun baya ne, sai ta ga takardar bana kamar ba ta fara aiki ba. Gyara kwanan wata, ka sa na'urar ta riƙa ɗaukar lokaci da kanta daga intanet, ka sa mai gyara ya canja batirin. Sau da yawa maganar ta ƙare ke nan.

In agogo daidai yake, to takardar ce ta ƙare, kuma wannan sakaci ba na ƙananan masu gyara kaɗai ba ne. A watan Fabrairun 2020 manhajar Teams ta Microsoft ta tsaya na wasu sa'o'i saboda an manta ba a sabunta takarda ba. Kuma wa'adin sai raguwa yake yi: daga Satumbar 2020 aka taƙaita shi zuwa kwana 398, a Afrilun 2025 kuma masu burauza da masu ba da takardun suka amince a riƙa rage shi har ya kai kwana 47 a Maris na 2029. Wanda ke jiran ya tuna da ka zai sha wahala. Dole a saita sabuntawar ta riƙa yin kanta.

Inda aka fi rikicewa shi ne idan AUTHORITY ya fito a cikin baƙaƙen, kuma shi ne ya fi damun shafukan cikin gida. Tun Nuwambar 2015 aka hana hukumomin da ke sa hannu a takardun ba da takarda ga sunayen cikin gida da lambobi irin su 192.168.1.10, saboda dubban shaguna da ofisoshi na amfani da lamba ɗaya, ba yadda za a ce ta wane ce. Shi ya sa akwatin kyamara da rauta da kwamfutar lissafi ke sa wa kansu hannu a takardarsu. Burauza kuwa ba ta karɓar shaidar da mutum ya yi wa kansa. Hanyar gyara biyu ce. Ko dai a yi wa shagon rajistar suna na gaske, irin mai ƙarewa da .com.ng, a karɓi takarda kyauta daga Let's Encrypt, wadda ta fara bayarwa a 2015, ko kuma mai haɗa kayan ya yi wa shagon tasa takardar tushe, ya sanya ta da hannunsa a wayoyi da kwamfutocin shagon kaɗai. A ganina ta farko ta fi, domin ba ta buƙatar a taɓa wayar kowa.

Ta biyun tana da haɗari da ya kamata a sani. Duk wanda ka sanya takardar tushensa a wayarka, ka ba shi damar tsaya wa kowane shafi, har na ƙarya mai kama da na bankinka. A 2019 gwamnatin Kazakistan ta matsa wa 'yan ƙasarta su sanya irin wannan takarda, Google da Mozilla da Apple suka toshe ta saboda tana ba da damar karanta saƙonnin mutane. Don haka idan aka turo maka fayil ta WhatsApp aka ce ka sanya don gargaɗi ya daina fitowa, kada ka taɓa.

Shi kuwa COMMON_NAME yana nufin sunan da ka rubuta ba shi ne a takardar ba, galibi saboda ka shiga da lamba maimakon suna. Waifai na otal ko na filin jirgi ma kan jawo shi kafin ka shiga shafinsu na farko.

Akwai kuma lokacin da gargaɗin ke nufin ainihin abin da ya faɗa. A 2011 an kutsa cikin DigiNotar, wata hukumar takardu ta ƙasar Holan, aka ƙirƙiri takardar bogi da sunan Google, aka leƙa wasiƙun masu amfani da Gmail kusan 300,000, yawancinsu a Iran. Chrome ne ya ƙi takardar, wani ya kai rahoto, asiri ya tonu, kamfanin ya rushe a watan Satumbar shekarar.

Kada kuma a ɗauka rashin gargaɗi tabbacin amana ne. 'Yan damfara ma suna samun takarda kyauta ga shafukansu, shi ya sa a Satumbar 2023 Chrome ya cire alamar kwaɗon da mutane ke ɗauka shaidar gaskiya ce. Karanta sunan shafin harafi bayan harafi.

Alhazai masu shaguna, ku kira wanda ya haɗa muku kaya ku ce ya kawar da gargaɗin daga tushe, kuma ya rubuta muku ranar da takardar za ta ƙare. Ku kuma yaran shago, idan gargaɗin ya fito a shafin banki ko na biyan kuɗi, kada ku rubuta lambar kati ko kalmar sirri. Ku rufe shafin, ku kira bankin ta lambar da ke bayan katinku.