Murfin Silikon Mai Huda: Ɗakin Gwaji A Cikin Kwalba

Ɗalibin da ke shirin WAEC ko NECO a Anka, Gummi ko Bukkuyum zai iya ganin aikin yis da idonsa, ko da makarantarsu ba ta da kayan gwaji. Kwalba, siririn tiyo da murfin silikon mai huda a tsakiya sun isa.

Zuba ruwa mai ɗumi, sukari cokali 2 da yis ɗin burodi, ka toshe. Cusa tiyon a hudar, ɗaya bakin ka tsoma shi a kofin ruwa. Iskar kabon-dayoksaid za ta riƙa fita tana ɓulɓul, ta waje kuwa ba hanyar shiga. Kada ka kuskura ka rufe kwalbar ruf, iskar na iya fasa ta.

Baƙar roba takan bushe ta tsage in zafin Afrilu ya dake ta. Silikon yana jure kusan digiri 200, har tafasa shi ake yi. Amma hoton intanet akwai yaudara: auna bakin kwalbarka da milimita kafin ka yi oda.

Sai ka jingine waya, ka ɗauki bidiyon minti 1, ka ƙirga ɓulɓul ɗin. Mayar da kwalbar gindin randa, ka sake ƙirgawa bayan ta huce.