Abin da ke mayar da tsohuwar roba ruwan ɗorawa

Kwamfutocin shekarun 1980 da ke gidajen adana kayan tarihi na Turai da Amurka, da yawansu farare ko ruwan toka aka ƙera su. Yau sun koma ruwan ɗorawa, kuma ba dauɗa ba ce, balle wanki ya fitar da ita.

A cikin hasken rana akwai wani nau'i da ido ba ya gani, mai suna UV. Shi ke tsinka sarƙoƙin sinadaran robar, iskar oksijin ta kama wurin, sai a samu sababbin sinadarai masu shanye shuɗin haske. Rawaya ke saura wa ido.

Abin takaici, ko an mayar da kayan cikin duhu, lalacewar kan ci gaba sannu a hankali, robar ta yi gautsi. Shi ya sa masu adanawa ke rage fitilu, su kuma tare hasken tagogi tun kafin launi ya fara juyawa.