Jitar bes: ki ɗauko malami ko ki bar shi da waya?

Uwargida, idan ɗanki ya dame ki da zancen jitar bes, wato mai amo mai kauri da ke tafiya tare da ganga a ƙarƙashin waƙa, ki tsaya tukuna kafin ki fitar da kuɗi. Ta bambanta da jitar da kika saba gani. Tsirkiyarta huɗu ce, kowace da kauri, wuyanta kuma dogo: wadda aka fi sayarwa inci 34 ce, nauyinta kusan kilo 4. Ga ɗan shekara 10 wannan ai kaya ne. Akwai gajera mai inci 30, ita za ki nema masa.

Saboda nauyin nan da kaurin tsirkiya nake ganin a fara da malami. Ɗan koyo yakan lanƙwasa wuyan hannu fiye da kima, ya matse wuyan jitar da babban yatsa kamar za a ƙwace masa. Bayan 'yan makonni sai ki ji yana kukan ciwon hannu, ko ya jingine ta a lungu, kuɗinki ya tafi. Mai koyarwa a bidiyo ba ya ganin hannun ɗanki. Malamin da ke zaune gabansa kuwa, da kallo ɗaya zai gyara masa zama, ya rage tsawon maɗauri, ya ce masa ya sassauta yatsu. Zai kuma ji idan yaron yana riga bugu ko yana biyo baya, alhali riƙe bugun shi ne aikin mai bes.

Sau ɗaya a mako na wata uku ya isa a kafa tushe. Amma a yi darasin a falo, ƙofa a buɗe, ke ko wani babba yana kusa, mace ce ɗalibar ko namiji. Malamin kirki ba zai ji haushin haka ba.

Daga nan sai intanet ta yi rana. YouTube cike yake da darussa kyauta, StudyBass ma kyauta ne kuma a jere yake daga farko. Masu karɓar kuɗi irin su Fender Play da Scott's Bass Lessons da kuɗin waje ake biyansu, ga darussan da Turanci. Ki lura da gwajin kyauta: yawanci da wa'adi ya cika sai a fara cire kuɗi daga katinki. Ki kuma lissafa data, da cewa wayar da ke koyar da shi ita ce mai TikTok a ciki.

Ita bes ɗin sai da amfilifaya ake jin ta sosai. Ki sayi ƙarama mai wurin saka abin ji na kunne, don maigida ya samu barcin rana. Idan an ɗauke wuta, yaron yana iya motsa yatsunsa a kan tsirkiya haka nan na minti 20.