Yumɓun roba: Yadda ake haɗa launin da zai dace da atamfar anko

Idan uwar biki ta ce tana son 'yan kunne ruwan goro domin su dace da atamfar anko, ba ta gama bayani ba. Hausa tana ba launi suna ne daga abin da ido ya saba gani: ruwan goro, ruwan hanta, ruwan toka, ruwan zuma, ruwan ɗorawa. Amma ruwan goron da ke jikin wannan atamfa dabam yake da na waccan, kuma ranar biki, sa'ad da ƙawaye suka jeru gaban mai hoto, ɗan bambancin nan shi ne abin da ido zai fara kamawa.

Wannan ita ce matsalar da ke gaban duk mai yin kayan ado da yumɓun roba, wani abu mai laushi kamar ƙullun fulawa da ake sarrafawa da hannu, a gasa a obin ya taurare. Ana yin 'yan kunne da shi, da duwatsun wuya, da maɓallai. Kamfanoni suna sayar da shi a launuka da dama, sai dai babu kamfanin da zai iya tanadar launin kowace atamfa ko leshi. Dole mai sana'a ta haɗa nata. Da yake kayan daga waje ake shigo da su, farashinsu yana bin canjin dala, don haka duk dunƙulen da ya lalace wajen haɗi asara ce daga uwar kuɗi.

Asalin abin

Duk da sunansa, galibi babu ƙasa a cikinsa. Garin roba ne nau'in PVC, irin wadda ake yin bututun ruwa da ita, aka cuɗa da wani mai da ke sa shi laushi, aka zuba sinadarin launi. Tarihinsa ya faro a Jamus a ƙarshen shekarun 1930, a hannun Fifi Rehbinder, 'yar shahararriyar mai ƙera 'yar tsana Käthe Kruse. A 1964 kamfanin Eberhard Faber ya sayi tsarin haɗin, ya fitar da shi kasuwa da sunan Fimo a 1966. A Amurka kuwa, Sculpey ya samo asali ne daga wani haɗi da aka yi a shekarun 1960 domin janye zafi daga taransifomar lantarki. Bai yi wannan aikin ba, sai aka gano yana da daɗin sarrafawa. Akwai kuma Premo da Kato da Cernit. Galibi ana sayar da shi a ƙananan dunƙule masu nauyin kusan giram 57.

Dalilin da ja da shuɗi kan ba da ruwan laka

A firamare an koya wa yara cewa ja da shuɗi da rawaya su ne iyayen launuka. Mai bin wannan darasi ido rufe takan sha mamaki: ta haɗa ja da shuɗi tana jiran ruwan malmo mai haske, sai ta samu wani abu mai duhu kamar laka. Dalili shi ne yawancin jan da ake sayarwa yana karkata zuwa ruwan goro, wato akwai ɗan rawaya a ɓoye cikinsa. Da zarar launukan nan uku sun hallara a dunƙule ɗaya, sai su dusashe juna.

Shi ya sa ƙwararru suke farawa da launukan da injin buga takardu na ofis yake amfani da su: majenta, wato ja mai karkata zuwa ruwan hoda, da shuɗi mai karkata zuwa kore, da rawaya mai haske, sannan fari da baƙi. Majenta da shuɗi suna ba da ruwan malmo tsantsa. Majenta kaɗan a cikin rawaya mai yawa yana ba da ruwan goro.

Launuka kuma ba ƙarfinsu ɗaya ba. Ɗan guntun baƙi ko ja kamar ƙwayar gero yana iya sauya farin da ya kai girman goro. Ƙa'idar ita ce a fara da mai haske, a riƙa ƙara mai duhu kaɗan-kaɗan, domin idan duhu ya wuce kima, sai an zuba fari mai yawa kafin a dawo da shi. Baƙi ma yana da nasa halin: idan aka sa shi a rawaya, kore-kore yake mayar da shi. Mai son rage ƙyallin launi gara ta sa masa ɗan abokin hamayyarsa, kamar ja a cikin kore ko shuɗi a cikin ruwan goro.

Injin taliya da littafin awo

Babban kayan aikin wannan sana'a abu ne da gidajen Hausawa suka daɗe da sani: injin murza taliya. Da shi ake laushe yumɓun, a ninke, a sake murzawa har zane-zanen launi su ɓace. Da shi kuma ake awo. Ana murza kowane launi a kauri ɗaya, a yanka da abin yanka guda, sai kowane yanki ya zama kashi ɗaya. Ta haka za a iya rubuta cewa rawaya kashi takwas, majenta kashi ɗaya, fari kashi biyu. Injin da ya taɓa yumɓu ba ya komawa kicin.

A tsakiyar shekarun 1990 wata Ba'amurkiya, Judith Skinner, ta fito da dabarar da har yau ake kira da sunanta. Ana yanka launi biyu a siffar kusurwa uku, a haɗa su su zama murabba'i, a ninke, a murza, a maimaita ta fuska ɗaya kamar sau 20. Abin da zai fito shi ne shimfiɗar da launi yake tafiya a hankali daga wannan gefe zuwa wancan. Mai neman launin atamfa sai ta ɗora ƙyallen a kai, ta ga a wane gurbi suka dace, daga nan ta ƙiyasta kason da za ta gwada. A 2009 Lindly Haunani da Maggie Maggio sun wallafa littafi sukutum kan wannan fanni, mai suna Polymer Clay Color Inspirations.

Hukuncin wuta

Launin ɗanyen yumɓu ba shi ne na ƙarshe ba. Wasu launukan suna ƙara duhu bayan gashi, musamman waɗanda aka sa wa nau'in yumɓun da haske ke ratsawa. Fari kuwa yakan yi rawaya-rawaya idan zafi ya yi yawa. Kowane kamfani da nasa ma'auni: Fimo digiri 110 na Salshiyas na minti 30, Premo digiri 130, Kato kusan 150. Maɓallin obin ba abin dogaro ba ne, musamman na gas ko inda ƙarfin lantarki ke hawa da sauka, don haka ana sa ma'aunin zafi na dabam a ciki. Idan yumɓun ya ƙone yana fitar da hayaƙi mai cutarwa, sai a kashe wuta a buɗe tagogi.

Saboda haka kafin a taɓa babban aiki, ana gasa ɗan guntu daga haɗin, a bar shi ya huce, a kara shi da atamfar a hasken rana, a sake dubawa a ƙarƙashin fitilar ɗaki. Launi biyu suna iya dacewa da hantsi su saɓa a ɗakin taro da dare. Idan guntun ya yi, sai a manna shi a littafi tare da kason kowane launi, sunan kamfani, zafi da minti. Sannan a haɗa abin da zai ishi aikin gaba ɗaya har da rara, a zama ɗaya.

Yanayi ma yana da ta cewa. Dunƙulen da aka manta a mota da tsakar rana a Abuja yana iya fara taurarewa, ƙurar hunturu kuma tana manne wa farin yumɓu. Jan launi yana rina hannu, don haka ana fara aiki da masu haske, a goge hannu da injin kafin a koma wani.

Ma'aikaciyar da ke tunanin mayar da wannan abin yin ƙarshen mako ya zama hanyar ƙarin kuɗin shiga za ta iske darasin da ta saba da shi a ofis: abin da ba a rubuta a fayil ba, ya ɓace. Mako biyu bayan an kai kaya, uwar biki za ta bugo waya ta ce an samu ƙarin ƙawaye biyar, a yi musu irin na farko sak. Mai littafin awo za ta buɗe shafi ta yanka kasonta. Wadda ta dogara da ido kuwa, sai ta koma farko da sauran dunƙulen da ya rage mata.